Wankin ƙoda da lafiyar ido: kurakuran da aka fi yi

Mai wankin ƙoda hankalinsa yana kan inji da kuɗin zama na gaba, ido kuwa sai ya yi tsanani ake waiwayarsa. Alhali da yawa daga masu wannan jinya hawayensu na raguwa, ido ya bushe, ya riƙa zafi kamar an watsa masa yashi.

Kuskuren da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙara shan ruwa wai don ido ya jiƙa. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da rarar ruwa, sai ya taru a ƙafafu da huhu, numfashi ya gagara. Kada a wuce ma'aunin da likita ya yanka. Bushewar ido a ido ake maganinta: maganin ɗigawa mai jiƙa ido, sa tabarau lokacin ƙurar hunturu, da daina kwanciya fuska na kallon fanka.

Sai jan ido. Nan da nan a ce apolo ne, a aika yaro kemis. Sau da yawa kuwa sinadarin fosfet ne ya yi yawa a jini, ya haɗu da kalsiyam suka taru a farin ido. Wasu magungunan ɗigawa na kemis suna ɗauke da sitiroyid, sinadarin rage kumburi, wanda yawan amfani da shi ke ɗaga matsin ruwan cikin ido, ya kuma kawo yanar ido. Gyaran yawan fosfet yana cikin abinci: a rage baƙin lemon kwalba da madara da cuku, maganin rage fosfet kuma a sha shi tare da abinci, domin a cikin hanji yake aikinsa. Kwalli a ajiye shi tukuna.

Wasu kuma shiru suke yi a kan inji, suna ganin haƙuri ne. Cikin kimanin awa 4 da ake yi ana wankin, matsin ido na iya hawa, musamman ga mai gilakoma, cutar da ke lalata jijiyar gani, jini kuma na iya sauka har jijiyar gani ta rasa isasshen jini. Ciwon ido, ko gani dishi-dishi, a faɗa wa nas nan take. Idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ba a kwana da shi a gida.

Wanda ciwon suga ko hawan jini ya kai shi ga wankin ƙoda, cutar nan tana cin jijiyoyin bayan ido ma, ba tare da zafi ba. Ya ga likitan ido aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma sanar da shi ana sa masa heparin, maganin hana daskarewar jini, lokacin wanki.