Yadda ɗalibi zai ambaci madogararsa a kundin bincike

Ɗalibin da ke shirya kundin kammala digiri a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya kamata ya fara da sanin dalilin ambaton madogara kafin ya damu da waƙafi da aya. Ana ambaton ta ne domin mai karatu ya iya bin sawun magana har inda aka ɗebo ta, kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi kafin su karɓi ruwaya.

Aikin yana farawa ne tun lokacin karatu. Duk littafin da ka buɗe, rubuta sunan mawallafi, shekarar bugu, sunan littafin, garin da aka buga shi, maɗaba'a da lambar shafi kafin ka rufe shi, domin littafin aro ba lalle ya sake zuwa hannunka ba. Manhajar Zotero kyauta ce, tana kuma adana waɗannan bayanai a kwamfuta, amma ƙaramin littafin rubutu ma ya wadatar.

Daga nan sai ka tambayi malamin da ke duba aikinka tsarin da sashenku yake bi. Tsarin APA, na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, yana sanya sunan mawallafi da shekara a cikin jimla. Idan ka dogara da binciken Djibo Hamani kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda cibiyar binciken ilimin ɗan Adam, IRSH, ta buga a Yamai, sai ka rubuta Hamani, 1975, ka ƙara lambar shafi idan kalmominsa ka ɗauko. Masana tarihi da dama sun fi son bayani a ƙasan shafi. Kowanne ka zaɓa, kada ka gauraya su.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne bambanta ɗauko magana da sake faɗinta. Kalmomin wani suna shiga cikin alamar zance, kuma a tsarin APA idan sun kai 40 ana ware su a sakin layi na daban. Idan kuwa ka juya ra'ayinsa cikin naka lafazi, ko ka fassara shi daga Faransanci zuwa Hausa, ra'ayin yana nan nasa, dole ne sunansa ya biyo baya. Barin sunan satar fasaha ne, ko da ba da gangan ba. Haka nan idan wani marubuci ne ya ruwaito maganar, ba ka ga asalin littafin ba, ka bayyana cewa ta hannunsa ka samo ta.

A ƙasarmu Nijar yawancin tarihi yana bakin dattawa, maroƙa da malaman zaure, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Rubuta "wani tsoho ya ce" ba hujja ba ce. A bayyana sunan wanda aka yi hira da shi idan ya yarda, da shekarunsa, sana'arsa, garin da aka zauna da ranar hirar, sannan a ajiye muryar da aka naɗa.

Shafin intanet yana buƙatar adireshinsa, kuma sassa da yawa suna neman ranar da aka duba shi. Kafin ka miƙa kundin, bi shi shafi-shafi ka tabbatar duk sunan da ke cikin rubutu yana cikin manazarta, wato jerin madogara na ƙarshen kundin, an jera su bisa haruffa.