Jirgin da Ke Sauka a Kan Ruwa: Koyon Karanta Shekara

Darasi na 14

Ku buɗe littafi, kowa ya ɗora yatsa a kan layin farko.

Sunan jirgin nan Sunderland. Kamfanin Short Brothers na Ingila ne ya ƙera shi. Jirgin sama ne mai inji huɗu, amma ƙasan cikinsa irin na kwale-kwale ne. Ba ruwansa da filin jirgi. A kan ruwa yake gudu ya tashi, a kan ruwa yake sauka. Ya fara tashi a 1937.

A tsaya nan. Lamba huɗu ce a jere, kuma daga hagu ake farawa. Hagu, hannun da ba a cin tuwo da shi. Na san da yawanmu da allo muka tashi, ido ya saba kamawa daga dama. Ba abin kunya ba ne. To, a ɗora yatsa a hagu: 1, sai 9, sai 3, sai 7. Alif ɗari tara da talatin da bakwai. A sake, daga hagu. Madalla, Hajiya, haka ake yi.

Biyun ƙarshe su ne masu ba ku wahala. 3 ce kafin 7. Wanda ya juya su ya ce 1973, ya ƙara shekara 36 ke nan, lokacin jirgin ya daɗe da barin aikin soja.

Mu ci gaba. A Yaƙin Duniya na Biyu, aikinsa rakiyar jiragen kaya a teku da farautar jiragen Jamus masu nutso. A watan Satumba na 1939 Jamusawa suka nutsar da wani jirgin kaya, Kensington Court. Sunderland biyu suka sauka a kan teku, suka kwashe mutum 34 da ransu.

Shekarar fa? Daga ina za a fara? Daga hagu: 1, 9, 3, 9. Baba, na ga yatsa ya koma dama. Makon jiya ma sai da muka yi wannan. Wanda ba ya bita a gida, sai ya zo aji ya tuna da littafi, kansa yake cuta. A sake.

Irin jiragen nan sun zauna a Firitawun ta Saliyo, sun zauna a Apapa ta Legas, suna gadin teku.

Darasi na 15

A 1948 aka toshe hanyoyin shiga yammacin birnin Balin na Jamus. Sunderland ya riƙa kai gishiri, yana sauka a kogin Havel da ke birnin, don an yi jikinsa ya jure ruwan gishiri. A karanta shekarar sau uku, daga hagu.

Darasi na 16

Sojan saman Ingila sun ajiye shi a 1959, na Niyuzilan a 1967. A kwafe shekarun cikin littafi.