Yadda za ka tayar da batirin mashin da ya kwana biyu a ajiye

Mashin ɗin da ya shafe hunturu a zaure, ba a tayar da shi, batirinsa na zubar da caji da kansa. Kafin ka ɗora laifi a kan sitata, ciro batirin. Fara kwance wayar maina, baƙar, sannan jar, don kada sifana ta taɓa bodi wuta ta tashi.

Goge farin garin da ya taru a kawunan batirin da ruwan zafi da sanfefa. In batirin mai ruwa ne, duba ko ruwan yana tsakanin layin sama da na ƙasa da ke jikinsa. Zafin Gombe na ƙafar da ruwan, amma ruwan batir tacacce kawai za ka ƙara. Ban da asid, ban da na rijiya.

Auna da mita. Bolt 12.6 cikakke ne. In ya gaza 10.5, da wuya ya dawo. Yi caji a hankali: batir mai 5Ah (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) amfiya 0.5 yake so, kamar awa 10. Cajar mota tana dafa shi, ya kumbura.

Wajen mayarwa, ja ce farko. Shafa giris kaɗan a kawunan. Tayar da inji ka ɗan ba shi wuta. In mita ba ta kai 13.5 ba, kai wa mai wayarin ya duba rektifaya, na'urar da ke daidaita cajin batir.