Cefanen sabon gida: ku sayi busasshe da tiya tun da kaka

Masu shirin tarewa a sabon gida, ku raba cefanenku gida biyu. Abin da ba ya saurin lalacewa, wato hatsi, wake, shinkafa, busasshiyar kuɓewa, kuka da daddawa, ku saye shi da tiya a kasuwar Dole ta Damagaram, musamman ranar Alhamis da mutanen ƙauye ke shigowa da kaya. Ɗanyen tumatir da nama kuwa, ku riƙa sayen na yini ɗaya kawai.

Dalili shi ne, ƙulle-ƙullen leda na mai tebur a bakin unguwa kowanne ɗauke yake da ribarsa, ba kwa jin zafinsa sai ƙarshen wata. Kuma hatsi da wake sun fi araha daga Oktoba zuwa Disamba, kafin su hau idan bazara ta shigo. Idan buhu ya fi ƙarfinku, ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba.

Wake ne mai rigima. Ku shanya shi har ya yi ƙaras a haƙori, ku cika jarka mai tsabta har wuya, ku ɗaure murfin da leda; rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Ni na taɓa barin jarka rabi, bayan wata biyu na tarar da shi duk huji.

Dabarar saye da yawa a ajiye ba ta aiki idan ɗakin yana yoyo da damina, ko kuma ku biyu ne kacal kuka jibge garin masara, domin gari ya fi tsaba saurin yin tsutsa.