Yadda za ka tace abin da ka tsinto a intanet kafin ka tura wa abokan ƙere-ƙere

Duk mai harkar kwamfuta ko haɗe-haɗen lantarki a Zariya, ko ɗalibin injiniya ne a Samaru, ko na Nuhu Bamalli, ko mai gyaran waya a PZ, ya san yadda abin ke faruwa. Mutum ya ga bidiyon wata ƙira mai burgewa, kafin ya kai ƙarshe ya riga ya watsa wa jama'a. Wani ƙane ya fasa kuɗin abincinsa ya sayo kaya, ya haɗa, abu ya ƙi tashi, ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Wannan yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa laifin na wanda ya tura ne. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi: ka ga na'urar da ke auna ruwan tanki ta aiko maka da saƙo a waya, an haɗa ta da ESP32, wato ƙaramin allon kwamfuta mai Wi-Fi, da sensar HC-SR04 mai auna tazara.

Fara da duba shekarar da aka wallafa abin. An daina kula da Python 2, tsohon zubin yaren rubuta manhaja na Python, tun 1 ga Janairun 2020, amma darussansa na nan birjik. Idan ka ga an rubuta print ba tare da baka biyu ba, tsohon yayi ne, Python 3 ba zai karɓa ba. Idan kod ɗin, wato rubutun umarnin da na'urar ke bi, yana GitHub, shafin da ake ajiye irinsa, duba ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe, sannan ka leƙa sashen Issues ka ga kukan waɗanda suka riga ka gwadawa.

Mataki na biyu shi ne wuta, kuma nan ne aka fi asara. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Duk ƙirar da za ta taɓa soket, ka tabbatar wa wace ƙasa aka yi ta, kuma kada ka tura wa sabon shiga ba tare da gargaɗi ba. A ƙananan alluna ma akwai tarko. Arduino Uno, wani allon irin wannan aiki, da bolt 5 yake aiki, ESP32 kuwa 3.3. Ƙafar Echo ta HC-SR04, wadda ke kai wa allon sakamakon awo, bolt 5 take fitarwa, don haka idan mai darasin da Uno ya yi, kai kuma ka kai ta kai tsaye jikin ESP32, kana iya lalata allon. Maganin mai sauƙi ne: resista biyu, 1k da 2k, su rage ta zuwa kusan 3.3. Wani abin kuma, asalin ESP32 Wi-Fi mai 2.4GHz kawai yake gani. Idan wayar da kake raba data da ita tana kan 5GHz, zai yi ta nema bai samu ba, kai kuma ka yi ta zargin kod.

Na uku, tambayi kanka ko abin zai jure yanayinmu. Wanda ya ƙera shi a Jamus bai san hunturun Zariya ba. HC-SR04 da sauti take awo, ta aika shi ta ƙirga lokacin dawowarsa, kuma yawancin kod ɗin da za ka samu sun ɗauka saurin sauti mita 343 ne a daƙiƙa. Wannan lissafin na iska mai zafin digiri 20 ne. Saurin yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a daƙiƙa a kowane digiri, to a cikin baƙin tanki a saman rufi a watan Afrilu, inda iska za ta kai digiri 40, ya zama kusan 355. Kuskuren ya haura kashi 3 cikin 100. Sannan ita wannan sensar ba a yi ta don danshi ba, tururin tanki zai ci ta a hankali. JSN-SR04T ce mai jure ruwa, sai dai ba ta ganin abin da ya matso ƙasa da kusan santimita 20, dole ka ɗaga ta sama da bakin ruwa. Haka sensar DHT11 da ake yawan sawa a darussan auna yanayi: danshin da take iya karantawa daga kashi 20 yake farawa, alhali da hunturu iskarmu kan bushe ta sauka ƙasa da haka. DHT22 ta fi dacewa da mu. Kada kuma ka manta da ɗauke wuta. Zare filogi ka mayar, ka ga ko na'urar za ta tashi ta kama Wi-Fi da kanta.

Na huɗu, gwada kafin a kashe ko sisi. Shafin Wokwi yana kwaikwayon Arduino da ESP32 a cikin burauza, shafin Tinkercad ma yana yin Uno. Idan ya yi aiki a can, sai ka zagaya Sabon Gari ka tambayi kayan. Abin da babu, ka rubuta cewa sai an aika Kano ko Legas. Idan za a yi amfani da batir 18650 na tsohuwar laftof, a haɗa shi da allon caji na TP4056 mai kariya, kada cajinsa ya wuce bolt 4.2.

Sai yanzu ka rubuta saƙon, da bakinka, da Hausar da kowa zai gane. Ga irin yadda nake so in gani: "'Yan'uwa, ga na'urar auna ruwan tanki. Na gwada a Wokwi ta yi. Ku sa resista 1k da 2k a ƙafar Echo, mai bidiyon bai faɗa ba. Haɗin yana farawa ne daga minti na shida, kada ku ƙona data a gabatarwa." Ka ambaci sunan mai aikin, haƙƙinsa ne. Ka kuma duba lasisin kod ɗin, wato sharuɗɗan amfani da shi: lasisin MIT ya yarda ka yi amfani da shi har ka sayar, muddin ka bar sanarwar mai shi a ciki, GPL kuwa ya ce idan ka rarraba abin da ka gyara, sai ka buɗe naka kod ɗin ga duk wanda ka ba. Ɗalibin da zai ɗora aikin kammala karatunsa a kai ya kamata ya san wannan tun kafin ya je gaban malaminsa.

Shafuka suna mutuwa, saboda haka ajiye kwafi a Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, ka tura adireshin asali da na kwafin. Idan wani ya dawo ya ce "Yaya, nawa ya ƙi yi," ce masa ya ɗauko hoton haɗin daga sama yadda kowace wayar haɗi za ta fito, ya kwafo saƙon kuskuren yadda yake, sannan ya ɗora mitar auna wuta ya faɗa maka bolt nawa ke shiga allon.