Yadda Za Ka Gane Juyin Iskar Da Zai Iya Zama Guguwar Teku

Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne a tekun Atlantika, kuma a nan unguwar Nima ta Akra da wuya ka samu gidan da ba shi da wani a Amurka. Shi ya sa da zarar an turo hoton gajimare yana murɗawa a WhatsApp, sai hankali ya tashi, a shiga buga waya Bronx da Florida. Sau tari abin da ke cikin hoton ba guguwa ba ce. Juyin iska ne mai ƙarancin matsi da ke can sama, kilomita 10 zuwa 12 daga fuskar ruwa, kuma yawancin irinsa can suke ƙarewa. Ɗai-ɗai ne ke saukowa. Ga yadda nake rarrabe su.

Buɗe manhajar hasashen yanayi ta Windy, ka zaɓi iska, ka ja ma'aunin tsawo zuwa 250hPa, wajen da manyan jiragen sama ke shawagi (hPa ma'aunin matsin iska ne, lambar na ƙaruwa yayin da ake saukowa). In ka ga iska tana kewaya wuri ɗaya saɓanin tafiyar hannun agogo, ka sami juyin. Kada ka ɗauke ido daga wurin. Sauko 500hPa, sai 850hPa, sai fuskar teku. Idan kewayen yana raguwa har ya ɓace kafin ka iso ƙasa, kwantar da hankalinka: cikinsa sanyi ne, ƙarfinsa a sama ya tsaya. Guguwar gaske cikinta ɗumi ne, kuma ƙarfinta yana kusa da ruwa.

To yaya mai sanyin ciki ke zama mai ɗumi? Nan ne wurin da ya kamata a tsaya. Iska mai sanyi a sama, ruwa mai ɗumi a ƙasa, ba sa zama lafiya. Tururi yakan tashi da sauri, hadari ya haɗu, tsawa ta fara. Duk tururin da ya koma ɗigon ruwa sai ya saki zafin da ya ɗauko daga teku. In hadarin ya daɗe a wuri ɗaya, zafin nan ya taru ya ɗumama tsakiyar juyin, matsin iska ya faɗi a ƙasa, iskar kewaye ta kwararo ciki da sabon tururi, hadarin ya ƙara kauri. Daga nan abin ya fara ciyar da kansa. Ba aikin dare ɗaya ba ne, kwanaki yake ɗauka, kuma a tsakani akwai lokacin da yake ba nan ba can, iska mafi ƙarfi tana nesa da tsakiya.

Don haka abu na biyu, duba hoton tauraron ɗan'adam ka ga inda farin gajimaren ya taru. In yana gefe guda, galibi gabas, tsakiyar kuma wayam, da saura. In ya fara naɗe tsakiya, ya kwana ya wuni bai watse ba, sa masa ido.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan juye-juyen shi ne saɓanin gudun iska tsakanin sama da ƙasa. Dubi hayaƙin mai tsire a bakin titi da daddare: in babu iska ya miƙe sak, in ta kaɗa samansa sai ya karkace ya tarwatse. Haka hadari yake. Idan bambancin ya wuce kamar mita 10 a daƙiƙa, zafin ba ya taruwa. A gefunan juyin saɓanin yana da yawa, har yakan yayyaga wata guguwar da ta kusanto, amma daidai ƙarƙashin tsakiyarsa da sauƙi. Busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ita ma tana shaƙe hadari.

Zafin teku kuwa, ƙa'idar da aka sani ita ce sai ya kai maki 26.5 a ma'aunin Celsius kafin guguwa ta ƙullu, sai dai ni ba na rantsuwa a kanta ga irin wannan juyin. A Janairun 2016 guguwar Alex ta ƙullu a kudu da tsibiran Azores kan ruwan da bai fi maki 20 da wani abu ba, saboda tsananin sanyin da ke samanta.

Wanda ke ganin duk wannan wasa ne ya tuna guguwar Joaquin. Daga irin wannan juyin na sama ta faro, kudu maso yammacin Bamuda, a Satumban 2015. Cikin 'yan kwanaki ta kai mataki na 4 cikin matakai 5 na ƙarfin guguwa, ta zauna a kan tsibiran Bahamas, ranar 1 ga Oktoba kuma ta nutsar da jirgin kaya El Faro da mutum 33 da ke ciki. Duk mai ɗan'uwa da ke aikin jirgin ruwa ya san nauyin wannan labari.

Kafin ka tura wa kowa komai, leƙa shafin cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Mayami. Sau huɗu a rana suke sabunta hasashe. A taswirarsu, launin ruwan ɗorawa na nufin yiwuwar ƙulluwar guguwa ba ta kai kashi 40 cikin ɗari ba, ruwan lemu 40 zuwa 60, ja kuma sama da 60. Idan gudun iska ya kai kilomita 63 a awa ake raɗa suna, a 119 ta zama cikakkiyar mahaukaciyar guguwa.

Wata Hajiya maƙwabciyarmu ta taɓa tambayata, "Malam, ba za ta faɗo mana nan ba?" Da wuya ta faɗo, domin Akra tana kusan digiri 5 da rabi arewa da ikweta, layin da ya raba duniya biyu, tekun da ke gabanmu kuma ya fi mu kusa da layin, inda juyawar duniya ba ta da ƙarfin murɗa iska. Ambaliyar 3 ga Yuni 2015 a Circle da ke nan Akra ruwan sama ne da cikar magudanai. Manyan guguwoyin Atlantika ma yawanci daga hadarin Afirka ta Yamma suke samo asali, amma sai sun bar gaɓar Senegal sun nufi tsibiran Cape Verde suke ƙulluwa, yamma kuma suke dosa. Abin da ya kamata Hajiya ta sa wa ido shi ne sanarwar hukumar yanayi ta Gana, da kwatar ƙofar gida.