Yadda na raba motata da ƙarar nan ta ƙas-ƙas

Ranar da layin gidan mai ya kai har bakin titi a Kwangila, sai na yi gajen haƙuri na sayi galan biyu a wajen 'yan bumburutu. Kafin in kai Samaru, Corolla ɗina ta fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in na taka totur a hawa. Ƙarfinta ma ya ragu.

Na fara zargin fulogi, na canza, a banza.

Makanikena a Sabon Gari ya zuƙo man, ya ɗiga a farar takarda. Fetur mai kyau bushewa yake ya ɓace, wannan kuwa ya bar tabon maiƙo. Ya ce, "Alhaji, kananzir suka haɗa maka."

Kananzir yana rage oktan, wato juriyar fetur ga matsi. In oktan ya yi ƙasa, sai wani ɓangare na man ya fashe da kansa a cikin silinda maimakon ya ci wuta a hankali, ƙarar da nake ji ke nan. Kwamfutar motar tana jin bugun, sai ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta kare injin, shi ya sa motar ta yi sanyi. Littafin motata ya ce tana buƙatar fetur mai oktan 87, lissafin Amurka ke nan, kusan 91 a wani ma'aunin oktan da ake kira RON.

Muka sauke tanki, muka zubar da man, muka wanke, aka sa sabuwar filta, na cika a gidan mai. Na hau hanyar Kaduna na taka ta sosai, shiru kake ji.